Baƙon Mai Wa'azi da Tarzomar Ɗalibai a Arewacin Nijeriya, 1982–1991: Nazari Daga Mahangar Ƙasar Dawakin Tofa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin tarzomar da ta biyo bayan ziyarar shugabannin addini baƙi a Arewacin Nijeriya tsakanin 1982 da 1991, inda ɗalibai suka kasance a sahun gaba, ko kuma harabar makaranta ta zama mafarin wutar. An ɗauki misalai uku: Fagge a 1982, Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a 1987, da birnin Kano a 1991. An dogara da ayyukan masana da aka wallafa da abin da kwamitocin gwamnati suka bayyana, sannan aka auna su da tsarin saukar baƙo na karkarar Kano, musamman ƙasar Dawakin Tofa. Nazarin ya gano cewa ɗalibai sun fi karanta siyasar baƙo daga wanda ya gayyato shi da wanda ya ba shi izini, fiye da abin da ya fito daga bakinsa, kuma a dukkan misalan an rasa mai masaukin da ɓangarorin biyu suka yarda ya ɗauki lamunin baƙon.

1.0 Gabatarwa

A watan Janairun 2008 Fafaroma Benedict na 16 ya fasa zuwa Jami'ar La Sapienza da ke birnin Rum, bayan malamai 67 sun sa hannu a takardar ƙin amincewa da gayyatarsa, ɗalibai kuma suka mamaye ofishin shugaban jami'ar. Abin da suka riƙe shi ne wani jawabi da ya yi a 1990 kan shari'ar da coci ta yi wa masanin taurari Galileo. A 2017 ɗaliban ƙasar Sin da ke karatu a Jami'ar Kalifoniya reshen San Diego sun yi ca a kan gayyatar da aka yi wa Dalai Lama ya yi jawabin yaye ɗalibai, saboda matsayinsa kan yankin Tibet. Jami'ar ta tsaya a kan bakanta, ya zo a watan Yuni ya yi jawabinsa. A duka wuraren biyu an yi hayaniya, an yi rubuce-rubuce masu zafi, amma babu wanda aka kai makwancinsa.

A Arewacin Nijeriya irin wannan saɓani ya sha ƙarewa da jana'iza. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: me ya sa ƙin baƙo, wanda haƙƙi ne na ɗalibi a ko'ina, yake rikiɗewa a wurinmu ya zama ƙone-ƙone da kisa? Amsar da aka fi bayarwa ita ce jahilci, ko zafin addini, ko ingizawar 'yan siyasa. Kowace tana da gaskiyarta, amma babu wadda ta bayyana dalilin da ya sa matashin da ya tashi a ƙauyen da ake saukar baƙin malamai duk shekara lafiya, yana shiga babbar makaranta sai zuwan baƙo ya zame masa shelar yaƙi. Don haka aka zaɓi a kalli al'amarin daga ƙasar Dawakin Tofa, ɗaya daga cikin yankunan da ke cika makarantun Kano da ɗalibai.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Yusufu Bala Usman, a littafinsa The Manipulation of Religion in Nigeria 1977–1987, ya ɗora alhakin a kan wani rukuni na masu mulki da dillalan jari waɗanda ke fakewa da addini don talaka kada ya gane wanda ke cin guminsa. Jibrin Ibrahim (1989) ya bi diddigin rikicin jihar Kaduna na 1987, ya danganta shi da tasowar sababbin ƙungiyoyin tsaurin ra'ayi a addinan biyu da kuma ƙuncin tattalin arziki. Matthew Hassan Kukah (1993) ya mai da hankali kan yadda masu faɗa a ji na Arewa suka yi amfani da kafafen yaɗa labarai, musamman Rediyon Kaduna da jaridar New Nigerian. Toyin Falola (1998) ya tattara tarihin tarzomar gaba ɗaya, yayin da Roman Loimeier (1997) da Ousmane Kane (2003) suka nuna cewa takaddamar cikin gida tsakanin Izala da ɗariƙu tana da hannu a yadda Musulmi suka fuskanci na waje.

Ra'ayin Bala Usman shi ya fi tasiri a jami'o'inmu, kuma ya cancanci hakan. Sai dai yana da rauni guda: yana mayar da ɗalibi tamkar kara a hannun wani, ba shi da lissafin kansa. Wanda duk ya zauna da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na addini ya san suna da hujjojinsu, suna riƙe da tarihin wanda aka bari da wanda aka hana, shekara da shekaru. Wannan lissafi nasu shi ne giɓin da ayyukan baya ba su cike sosai ba.

3.0 Ƙasar Dawakin Tofa da Tsarin Saukar Baƙo

Dawakin Tofa ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin birnin Kano, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 248,000. Tana cikin yankin da Michael Mortimore da J. Wilson suka yi wa nazari a 1965, wato karkarar da ta kewaye Kano, inda jama'a suka yi yawa har ba a barin gona ta huta, ana riƙe ƙarfin ƙasa da takin dabbobi da sharar birni. Gado yana daddatsa gona daga kaka zuwa jika, don haka tun da daɗewa gida ba ya dogara da noma kaɗai: akwai cin rani, akwai fatauci, akwai almajiranci, daga baya kuma boko. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da buɗe Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa a 1977, tare da takwararta ta Dawakin Kudu, sun buɗe wa 'ya'yan manoma hanyar jami'a. Waɗannan yara su ne suka isa manyan makarantu a daidai shekarun da muke nazari, kuma su ne shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya tarar da takardar shaida a hannu babu aikin yi.

Ƙasar ba baƙuwar baƙi ba ce. Kasuwar Dawanau, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, tana cikinta, kuma fatake daga Nijar, Chadi, Kamaru da kudancin Nijeriya suna sauka a can kullum. A maƙwabciyarta Tofa, mishan ɗin SIM ya kafa makarantar koyar da Littafi Mai Tsarki tun zamanin Turawa, a tsakiyar manoma Musulmi.

Abin da ke riƙe da wannan cuɗanya shi ne mai masauki. A kasuwa fatoma ne: shi ke saukar da falke, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan bashi ko rigima ta taso. Polly Hill (1966) ta bayyana wannan tsari a Kumasi, Abner Cohen (1969) ya bayyana shi a Sabo ta Ibadan, duk a tsakanin Hausawa. Haka yake a sha'anin wa'azi. Idan za a kawo malami daga birni don Maulidi, ko saukar karatu, ko wa'azin ƙungiya, wanda ya gayyato shi zai fara zuwa wurin liman, daga nan mai unguwa, mai unguwa ya yi masa iso wurin dagaci, idan taron babba ne magana ta kai ga hakimi. Baƙo zai sauka a zauren mai gayyata, maƙwabta su aiko da tuwo da fura. Kafin a shimfiɗa masa buzu a dandali, mai masaukin zai rage murya ya ce: "Allah gafarta Malam, garin nan namu akwai 'yan ɗariƙa akwai 'yan Izala, limaminmu kuma dattijo ne. A yi mana sassauci." Idan malam ya zarce, da safe ba shi za a nema ba, domin ya kama hanya. Mai masaukin za a kira ƙofar dagaci a ce masa: "Baƙonka ya yi mana ɓarna jiya, sai ka san yadda za ka gyara." Shi zai bi gida-gida yana ba da haƙuri. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Abubuwa biyu ne muhimmai a nan. Wanda ransa ya ɓaci ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma wanda ya kawo baƙo ya san gobe zai haɗu da mutanen da aka ɓata wa rai a masallaci, a gona, a wurin suna da jana'iza.

Wannan tsari ya fara rauni a birni tun kafin shekarun da muke magana. Gyare-gyaren 1967 zuwa 1968 sun karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙara rage ikon sarakuna. Muhammadu Marwa Maitatsine, wanda aka kora daga Kano a 1962 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, ya dawo ya kafa sansani a 'Yan Awaki, babu mai unguwar da ya isa ya tanka masa, har zuwa tarzomarsa ta Disambar 1980, wadda kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ƙidaya rayuka 4,177 da suka salwanta a cikinta. Ita kuwa babbar makaranta, tun asali ba a gina ta a kan wannan tsari ba.

4.0 Misalai Uku

Kafin a shiga misalan, ya kamata a tuna yanayin harabar makarantu a lokacin. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, MSS, an kafa ta a Legas a 1954. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS ta samo asali a Gindiri a 1957. Dukkansu sun fara ne a matsayin ƙungiyoyin ibada da tarbiyya. Muhawarar Shari'a a majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978, juyin juya halin Iran na 1979, jawabin Funtuwa da Ibrahim Zakzaky ya yi a Mayun 1980, da bunƙasar majami'un Fentikos a jami'o'i, su suka mayar da ƙungiyoyin biyu masu magana kan wa zai mallaki ƙasa da wace doka za a bi. Haramta Ƙungiyar Ɗalibai ta Ƙasa bayan zanga-zangar 1978 ta rage wa ɗalibai dandalin da ya haɗa Musulmi da Kirista a kan buƙata ɗaya.

4.1 Fagge, 1982

Shekarar 1982 ta ga manyan baƙi biyu. A watan Fabrairu Fafaroma John Paul na 2 ya zo Kaduna. An shirya zai gana da shugabannin Musulmi, ganawar ba ta yiwu ba, kuma bayanin da ya fi yawo shi ne ƙungiyoyin Musulmi sun kasa daidaitawa kan wanda zai jagorance su. Bayan 'yan watanni Babban Limamin cocin Angalika, Robert Runcie na Kantabari, ya zo Kano ya aza harsashin sabon ginin cocin Angalika a Fagge. Cocin ta riga masallacin Juma'a na Fagge zama a wurin, amma faɗaɗa ta kusa da masallacin, da hannun shugaban cocin gwamnatin Ingila, an karanta shi a matsayin dawowar tsohon mai mulki ta wata ƙofa. Ranar 30 ga Oktoba, 1982, ɗalibai suka fito zanga-zanga. 'Yan sanda sun tsare cocin Fagge, taron ya juya Sabon Gari, aka ƙone coci-coci da dama. Runcie ya daɗe da komawa gida. Babu wata kalma tasa da aka kawo hujja. Izinin ginin da hannun da ya aza tubalin su ne abin faɗan.

4.2 Kafanchan, 1987

Wannan shi ne misalin da ya fi dacewa da batunmu, domin a cikin harabar makaranta ya faru, kuma baƙon mai wa'azi ne sanadi. A Janairun 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigar da Nijeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, OIC, ba tare da sanar da jama'a ba, har wasu manyan gwamnatin suka ce a jarida suka ji. Daga nan duk wani taron addini a makaranta ya zama kamar ƙuri'ar raba gardama kan wannan mataki.

A farkon Maris 1987 reshen FCS na Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya shirya taron wa'azi na shekara. An rataya ƙyalle a ƙofar shiga da ke yi wa jama'a maraba da zuwa harabar Yesu. Ɗalibai Musulmi suka kai ƙara, hukumar makaranta ta sa aka sauke. Ran Juma'a 6 ga wata, da dare, baƙon da aka gayyato, Rabaran Abubakar Bako, wanda a da Musulmi ne, ya hau mumbari da lasifika a fili, ya riƙa jawo ayoyin Alƙur'ani yana fassara su don ƙarfafa wa'azinsa. Wata ɗaliba Musulma da ta jiyo ta nufi wurin ta ƙalubalance shi, wasu suka biyo bayanta, aka kaure da dambe. Cikin kwana biyu faɗan ya fita gari. Rediyon Kaduna ya yi ta maimaita labarin ƙone masallatai da kisan Musulmi a Kafanchan, kuma kafin mako ya cika wuta ta kama Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina, hucinta ya kai har Kano. Alƙaluman da aka bayar a hukumance sun nuna mutum 19 sun mutu, an lalata coci fiye da 150 da masallatai 5, ban da otal-otal da gidaje da motoci. Babangida ya kwatanta abin da yunƙurin juyin mulki na farar hula. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Hansine Donli, ta tarayya ta kafa kotun musamman ta Mai Shari'a Karibi-Whyte, sannan aka ƙirƙiro majalisar ba da shawara kan harkokin addini.

Idan aka dubi daren nan da idon mutumin Dawakin Tofa, abin da ya ɓace a fili yake. Wa ya saukar da Rabaran Bako? Ƙungiyar ɗalibai, wadda shugabanninta shekara guda suke yi su sauka, kuma ba su da wata alaƙar dole da ɗaya ɓangaren. Babu wanda ya ja shi gefe ya ce masa jiya-jiya aka sauke ƙyalle a makarantar nan, zukata a tafashe suke, a kauce wa littafin maƙwabta. Ita ma ɗalibar da ta ji abin da ya sosa mata rai, ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a daren, ƙofar da ta tabbata za a saurare ta kuma a ɗauki mataki. Hukumar makaranta ta nuna tana iya sauke ƙyalle, amma ba ta ɗauki baƙon a matsayin nata ba. Wannan ba ya wanke wanda ya ɗaga hannu, ballantana waɗanda suka ƙone wuraren ibada a garuruwan da ke da nisan ɗaruruwan kilomita, waɗanda ba su ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba. Laifinsu na nan a wuyansu. Abin da ake nunawa shi ne akwai sa'o'in da magana za ta iya mutuwa a cikin harabar, aka rasa mai kashe ta.

Shekara guda bayan haka, a Yunin 1988, zaɓen ƙungiyar ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ya rabu gida biyu bisa addini, ya ƙare da faɗa.

4.3 Kano, 1991

Reinhard Bonnke Bajamushe ne da ya fara aikin mishan a Lesotho, ya kafa ƙungiyarsa a 1974, ya yi shekaru yana gudanar da ita daga Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata kafin ya koma Frankfurt. Paul Gifford (1987) ya nuna yadda wa'azinsa ke kauce wa batun zaluncin siyasa yana mayar da komai ga warkarwa da yaƙi da aljanu. A 1990 ya tara dubban ɗaruruwan mutane a Kaduna. A 1991 reshen Kano na Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, ya gayyato shi, aka cika gari da fastoci da motocin shela, har unguwannin da ba a saba kai irin wannan talla ba.

Hujjar masu adawa, waɗanda ɗaliban manyan makarantu da matasan ƙungiyoyi ke cikinsu, ba ta tsaya kan aƙidar Bonnke ba. Cewa suka yi an hana mai wa'azin Musulunci Ahmed Deedat na Durban izinin wa'azi, don me za a ba wannan? Deedat ya samu lambar yabo ta Sarki Faisal a 1986, kuma kaset ɗin muhawararsa da mai bishara Jimmy Swaggart ta wannan shekarar ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai da shagunan bidiyo. Brian Larkin (2008) ya nuna cewa salon Deedat martani ne ga salon masu bishara irin su Bonnke, da kayan aikinsu yake yaƙarsu. A idon matashin Kano, mutanen biyu kishiyoyi ne a fage ɗaya, gwamnati kuma ta buɗe wa ɗaya ƙofa ta rufe wa ɗaya. Ga yaƙin Tekun Fasha da aka gama a farkon shekarar, wanda ya sa ake kallon duk Bature mai wa'azi a matsayin jakadan Yamma. Ga rikicin Katsina da na Tafawa Ɓalewa a watan Afrilu.

An janye izinin yin taron a Filin Sukuwa, aka mayar da taron harabar wata makarantar mishan, amma hakan bai kwantar da hankali ba. Ran Litinin 14 ga Oktoba dubban mutane suka yi jerin gwano zuwa fadar Sarki Ado Bayero da kokensu. Wannan tafiya abin lura ce: jama'a sun nufi inda al'ada ta ce a kai ƙarar baƙo, alhali izinin ba daga fada ya fito ba, kuma fada ba ta da ikon soke shi. Daga nan taron ya ɓalle, aka yi kwanaki ana kashe-kashe tsakanin birni da Sabon Gari, wannan karon kowane ɓangare da makami. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, majiyoyi masu zaman kansu suka ce ɗaruruwa ne. An fitar da Bonnke daga Kano bai yi wa'azin ba, bai kuma sake zuwa Nijeriya ba sai 1999.

5.0 Tattaunawa

A misalai biyu cikin uku baƙon bai furta abin da aka yi faɗa a kansa ba: Runcie ya tafi, Bonnke bai fara ba. Siyasar da aka jingina musu an ciro ta ne daga ƙasar da suka fito, da wanda ya kira su, da sa hannun hukuma. A ƙarƙashin Dokar Kiyaye Zaman Lafiya ta 1979, izinin taro a wancan lokacin yana hannun gwamna da 'yan sanda, ana bayarwa ko a hana ba tare da faɗin dalili ba. Izinin da ba a bayyana ma'auninsa ba, kowa zai fassara shi da son rai. Musulmi na lissafin Deedat, Kirista na lissafin filayen coci da aka hana su a biranen Arewa da shiga OIC a ɓoye, kowanne kuma yana da abin nunawa. Sai a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki, a shari'ar da ta samo asali daga taron jam'iyyar ANPP da aka tarwatsa da barkonon tsohuwa a Kano a Satumban 2003.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi ga wannan nazari, kuma dole a fuskance shi. Tsarin iso na gargajiya ya sha zama makamin danniya. A shekarun 1950 da shi aka riƙa hana 'yan NEPU masauki da filin lacca a ƙauyukan Kano, aka ɗaure waɗanda suka sauke su. Da ikon dagaci ne kaɗai ma'auni, da Malam Aminu Kano bai yi magana a karkara ba, da masu wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ba su shiga ƙauyuka da yawa ba. Jami'a kuwa an gina ta ne don a ji abin da ba a saba ji ba, kuma sashe na 38, 39 da 40 na tsarin mulkin 1999 sun kare 'yancin addini da magana da taro. Saboda haka abin da ya dace a ɗauko daga karkara shi ne ɗaukar lamuni. Ikon hanawa a bar shi inda tarihi ya bar shi.

A aikace, wannan na nufin duk baƙon da ƙungiyar ɗalibai za ta kawo ya kasance yana da malami ko jami'in makarantar da ya sa hannu da sunansa a matsayin mai masauki, wanda zai zauna da baƙon tun kafin taro ya faɗa masa halin da makarantar ke ciki, ya kasance a zauren har a tashi, ya kuma amsa kira washegari. Ƙa'idar gayyata ta zama ɗaya ga kowace ƙungiya, a rubuce, a manne inda kowa zai gani, tare da jerin waɗanda aka amince da su da waɗanda aka ƙi da dalilin ƙin. Masu adawa kuma a ba su wurin tsayawa da allunansu, da lokacin tambaya a cikin zauren, domin ɗalibin da aka hana faɗin "ban yarda ba" da baki zai nemi wata hanyar faɗinta. Rufe ƙungiyoyin addini gaba ɗaya, wanda hukumomi kan yi bayan kowace tarzoma, yana tura tarukan ne zuwa wajen katanga, inda babu idon kowa.

Abin da Rediyon Kaduna ya yi cikin kwanaki a 1987, yau wayar hannu na yin sa cikin mintuna. Guntun bidiyo na daƙiƙa talatin daga zauren lacca a Jami'ar Bayero zai isa rumfunan Dawanau kafin baƙon ya sauka daga mumbari, an yanke farkonsa da ƙarshensa. Wannan ya ƙara wa mai masauki aiki guda: ya tabbatar an naɗi jawabin gaba ɗayansa, an ajiye a hannun makaranta, don a fitar da shi nan take idan an fara yawo da yankakke.

Makarantun kwana na sakandare, irin ta Kimiyya da ke Dawakin Tofa, matsayinsu daban ne, domin yawancin ɗalibansu ba su kai shekara 18 ba. Ƙaramin sashe na 2 na sashe na 38 na tsarin mulki ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addini ko halartar bikin addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. A irin waɗannan makarantu shugaban makaranta da kansa ne mai masauki, ba ya iya miƙa wannan nauyi ga amir ɗin ɗalibai ko shugaban zumunta, kuma ƙungiyar iyaye da malamai tana da haƙƙin sanin sunan duk mai wa'azin da za a kawo wa 'ya'yansu kafin ranar da zai zo.